Kiranyen da Inna Ba Ta Yi Ba

Ranar da za a raka jikana Nasiru filin jirgi, zai tafi karatu ƙasar waje, ina kishingiɗe a falo ina jin ku 'ya'yana kuna raha a tsakar gida. Uwarsa tana ta sharar ƙwalla, sai na ji ɗaya daga cikinku, na kuma san ko wace ce, ta ɗaga murya ta ce mata:

"Ke dai kada ki yi masa irin na kaka, ki je ki leƙa randa, mu gan shi ya dawo da akwatinsa a ka."

Kuka kwashe da dariya gaba ɗayanku. Ran nan ban ci abincin rana ba, kuka ce hawan jinina ne ya tashi, kuka kawo mini ƙwayoyi. Ba hawan jini ba ne, haushi ne. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. To wannan dai ta yi 'ya'ya, ga ta nan har da jikoki a cikin gidana suna cin tuwona. Don haka ku buɗe kunnuwanku, zan faɗa muku abin da ya faru a shekarar da aka ba mu mulkin kai, domin kakar nan da kuka mai da abin wasa uwata ce.

Ku 'yan zamani ƙila ba ku ma san mene ne kiranye ba, kun dai tsinci maganar kuna yawo da ita. A wurinmu can Bagudo, idan mutum ya yi nisa ya ƙi waiwayen gida, akan ce wani nasa zai iya tashi da sassafe, ya zura kansa cikin randa, ya kira sunansa da ƙarfi. Wai duk inda yake a duniya zai ji, hankalinsa ya tashi, ya kasa zaune ya kasa tsaye, har sai ya kamo hanyar gida. Ko abin yana ci ko ba ya ci, Allah ne masani, ni ban taɓa gwadawa ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ba a yin kiranye sai an ambaci sunan mutum.

Ni kuwa ɗan fari ne. Inna 'yar Dandawa ce, daga wani ƙauye a tsallaken iyaka bayan Lolo, cikin ƙasar da a lokacin muke kira ƙasar Faransa, wadda kuka sani yanzu da Benin. Mahaifina ya gan ta a kasuwar Dole Kaina tana sayar da busasshen kifi, ya auro ta. Kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, Inna ta kai ta maƙura. Tun da na buɗe ido ban taɓa ji ta ce Ummaru ba. In tana son in ɗebo mata itace, sai ta dubi bango ta ce, "Wai gidanga ba yaro?" In ta zuba mini tuwo, ƙanwata Hajo take miƙa wa ta ce, "Kai ma wancan." Akwai wani mai tallar gishiri shi ma Ummaru, saboda ni ya rasa sunansa a bakinta, har ya daina zuwa garinmu ba ta kira shi da komai sai mai gishiri. Duk unguwarmu an san da wannan, mata har tsokanarta suke yi a bakin rijiya, ita kuwa sai dai ta ja gyale ta rufe baki.

Mahaifina ya rasu ina makarantar midil, gida ya koma hannun yayansa, Baffa Manu. Dillalin shanu ne, kuma mutum ne mai son a san da zamansa. Da En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, ta zaɓe ni in tafi Ingila in koyo aikin safiyo, wato awon ƙasa, sai Baffa ya ɗauki abin kamar shi aka zaɓa. Kasuwar Kende, kasuwar Lafagu, duk inda ya tsaya ciniki sai ya sako zancen.

"Ɗan wajena za shi ƙasar Turawa. In ya dawo shi ka auna ƙasarga duk, daga nan har bakin Kwara. Kowa shi gyara iyakar gonatai."

Ranar tafiya unguwa duk ta rako ni bakin mota, Baffa yana gaba da babbar riga. Inna ba ta fito daga madafa ba. Hajo ce ta biyo ni da gudu ta cusa mini ƙullin daddawa da garin kuka a aljihu, ta ce an ce a ba wancan.

Garin da aka kai ni a Ingila gari ne na masana'antu, hayaƙi da hazo ba sa barin ka ga rana. Aka ba ni ɗaki a saman gidan wata tsohuwa. Ka gai da mutum a hanya ya dube ka kamar ka roƙe shi wani abu. Ni da na tashi a gidan da ko tari ka yi sai an tambaye ka lafiya, sai ga ni ina wuni ban buɗe baki da kowa ba. Ban daɗe ba tsohuwar nan ta shiga ɗakina ba na nan, ta bi wari ta gano ƙullin Inna, ta jefa shi kwandon shara, wai wani abu ya mutu mini a akwati. Na bi kwandon, an riga an kwashe. Na tsaya a bakin titi cike da haushi, kuma ba ni da Turancin da zan yi faɗa da shi, nawa na aji ne.

Daga nan abin ya fara. Kowace safiya da na buɗe ido sai gabana ya yanke ya faɗi, ba tare da an yi mini komai ba. Ƙirjina ya riƙa bugawa, tafin hannuna ya jiƙe da gumi a cikin wannan sanyi, har fensir ya riƙa zame mini in muna zanen taswira. Abinci ya ƙi shiga. In ina tafiya makaranta sai in ji kamar an ce "Ummaru!" daga baya, in waiga, ba kowa sai Turawa da lemarsu. Wani lokaci muryar Hajo ce, wani lokaci ta abokaina da muke wanka a gulbi, har ta Baffa na sha ji. Ku lura da wannan da kyau: muryar kowa na ji ban da ta Inna, domin ban san yadda sunana yake a bakinta ba. Ranar da ɗalibanmu suka taru suna rawa don an sauke tutar Ingila a Ikko, babban birnin ƙasarmu a lokacin, ni ina gefe a kan kujera ina danne ƙirji da hannu, ina addu'a kada in faɗi a gaban mutane.

Malamanmu suka ga na rame, suka tura ni wurin likita. Ya auna ni, ya ce jikina lafiya lau. Sannan ya cire tabarau ya tambaye ni ko ina jin muryoyi. Na ce ina ji. Ya ce me suke ce mini. Na ce sunana suke kira. Gaskiya na faɗa masa, don a gidanmu ba a yi wa mai magani ƙarya. Bai tambaye ni ko ina da uwa ba, bai tambaye ni yaushe rabon da wani ya gaishe ni da harshena ba. Ya ba ni wasu fararen ƙwayoyi, ya ce shawararsa a mai da ni gida. Ni ma a raina abin da nake so ke nan. Na koma ɗaki na fara haɗa kaya, ina jiran a faɗa mini jirgin ruwan da zan bi. Ban san cewa maganar da na yi a ɗakin likita ta riga ni tafiya ba, daga makaranta zuwa ofishin ɗalibai, daga can zuwa En'e, daga En'e zuwa bakin wani masinja mai keke.

Ina cikin wannan jira, wata Lahadi da hantsi aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Malam Bello ne, malamin dabbobi na Ka'oje, abokin mahaifina, an turo shi wani gajeren kwas, ya yi ta tambaya har ya gano ni. Da na ji sallama da Hausar gida sai na yi maza na buɗe ƙofar. Ya tsaya yana kallona daga sama har ƙasa.

"Ummaru, ashe da ƙahwahunka kake tahiya? Can gida an ce ka taɓu, ɗaure kake."

"Malam, mi anka ce?"

Ya zauna a bakin gado, ya dubi akwatina a buɗe. Sannan ya fara ba ni labari.

"Masinja ya zo zauren Baffanka, gaban jama'a, yac ce an aiko daga Ingila ba ka lahiya, kana jin ana kiranka. Manu ya miƙe yac ce ruwa ba su tsami banza, shi ya san mai kiran. Yash shiga cikin gida, yat tarar da innarka bakin randa tana ɗibar ruwan girki. Yaɗ ɗauki taɓarya yah hwasa randar, gaban mata da yara. Yac ce baƙuwa dai baƙuwa ta, mun sa yaro hanyar arziki tana jawo shi da tsahin Dandawa."

"Ita mi tac ce?"

"Ba ta ce komi ba. Ta tsince kaskon randar ta share wurin. Da sahe taɗ ɗaure kayanta tab bi kwalekwale daga Lolo. Hajo ta bi ta."

"Malam, ba wanda yat tashi yac ce matar nan ba ta hwaɗin sunana? Duk garin sun sani!"

"Sun sani. Amma wa ka iyawa da Manu in ya hau?"

Har yau in na tuna wannan amsa sai jinina ya tafasa. Mazan unguwa cike da zaure, waɗanda suka ci tuwon Inna shekara da shekaru, matan da suke tsokanarta a bakin rijiya kan wannan kunya tata, aka rasa mutum ɗaya da zai buɗe baki. Baffa ya cika kasuwanni da alfahari, labari ya zo ɗan wajensa ya taɓu, kunya ta kama shi, sai ya duba wa ya fi sauƙin takawa. Ya samu gwauruwa wadda danginta suke tsallaken ruwa.

Bayan Malam Bello ya gama na dubi akwatin nan, sai na ga inda aka sa ni. Gaba kura, baya siyaki. Duk jikina gida yake so, yanzu ma fiye da da, in je in ga halin da Inna take ciki. Amma in na sauka daga mota a Bagudo ba takardar shaida, me za a ce? Za a ce ga shi nan, kiranye ya ci, Manu ya yi gaskiya. Da ƙafata zan zo in zama shaidar ƙaryar da aka yi wa uwata, ta shiga kabari da ita. In kuwa na zauna, zan zauna ne da wannan ciwo a ƙirji, ita kuma tana can korarriya. Na tashi na juye akwatin a kan gado, na fara mai da riguna cikin kabad.

"Malam, in ka koma ka ƙetara ka iske ta. Ka ce mata wancan ya ce ba shi dawowa sai ya gama."

"Ka iya, Ummaru? Dubi yadda ka koma."

"Ko gawata za a kawo, da takarda za a kawo ta."

Washegari na koma wurin likitan na ce ba inda za ni. Ya yi ta bayani, na yi ta maimaita masa kalma ɗaya har ya gaji ya ƙyale ni. Kada ku ɗauka ciwon ya tafi. Bai tafi ba, tare muke zuwa aji, tare muke dawowa. Ƙwayoyin na sha, kuma ba zan ce ba su yi komai ba, sun ba ni barci. Na gano wani ɗaki da mutanen Pakistan suka mai da masallaci, na riƙa zuwa Juma'a don dai in ji kafaɗar mutum a jikin tawa. Na samu wani gari mai kama da tsakin masara a kanti, na riƙa tuƙa tuwo da miyar gyaɗa, tsohuwar gidan tana toshe hanci ina yi kamar ban gan ta ba. In muryoyin nan suka kira ni a hanya na daina waigawa. Amma babban maganina, kuma ba na jin kunyar faɗa, haushi ne. Kowace safiya in gabana ya faɗi, hannuna yana rawa na kasa ɗaure igiyar takalmi, sai in ce da ƙarfi, "Baffa Manu, ka yi ƙarya." In faɗa, in sake faɗa, har igiyar ta ɗauru, in ɗauki jakata in fita. Da haka na haye jarrabawa ɗaya bayan ɗaya, damina biyu suka wuce ni a can.

Na dawo da takardata. A bakin mota na tarar da masu kalangu, Baffa ya tara su, yana gaba da wata babbar rigar da ta fi ta ranar tafiya. Na duba cikin mata ban ga Hajo ba. Muka shiga zauren nan, cike da mutanen da suka yi shiru a wancan karo. Ban zauna ba. Na zaro takardar na ajiye a gabansa a kan buzu.

"Baffa, ga ta. Wanda anka yi ma kiranye shina gama karatu?"

Na ɗauka zai sunkuyar da kai. Wallahi shekara biyu ina hango wannan sunkuyawa. Sai ya ɗauki takardar, ya juya ta, ya ɗaga wa jama'a, fuskarsa cike da fara'a.

"Alhamdu lillahi! Kun gani ko? Da ban hwasa randar nan ba, da yaron ga ya daɗe da dawowa hannu biyu. Ni na karya abin."

Zaure ya ɗauka, "Gaskiya ta, Manu, gaskiya ta." Sannan Baffa ya juyo, ya rage murya kamar mai faɗin farashin saniya.

"Af, sai haƙuri. Innarka ta riga mu gidan gaskiya bayan girbi. Ba mu aika ba, don kada hankalinka shi tashi."

Na ɗauke takardata daga hannunsa na fita. Ban sha ruwan gidan nan ba ran nan, kuma ban ƙara kwana a cikinsa ba har Baffa ya mutu. In kuna mamakin abin da ya sa ban taɓa kai ku can hutu ba, ga dalilin.

Da safe na nufi Lolo. A bakin ruwan da Inna ta yi ta ƙetarawa da kwandon kifi tun tana yarinya, sai ga wasu samari da sababbin kaki, nan namu, can nasu, kowa da sabuwar tutarsa, suna tambayata takardar izini. Na ce kabarin uwata za ni. Suka dube ni, suka matsa. Na sami Hajo a gidan kawunmu, ta yi aure a can, da goyo a baya. Ta kai ni maƙabarta, muka yi addu'a, muka dawo muka zauna a gindin wata tsamiya. Na tambaye ta ko saƙona ya iso.

"Ya iso, Yaya. Malam Bello ya zo har gida. Da yag gama hwaɗi, sai tac ce madalla, tat tashi tac ci gaba da daka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Amma tun ran da munka zo garinga ba ta ƙara kusantar randa ba. Ni ka ɗibar mata ruwa. In ba ni nan sai ta zauna da ƙishi har in dawo. Tac ce kada wani shi gan ta duƙe a bakin randa shi kai labari."

Hajo ta gyara goyonta, ta ci gaba.

"Da ciwo yay yi tsanani nic ce mata, Inna, bari in sa a buga ma Yaya waya, Malam Bello ya san hanya. Tar riƙe mani hannu tac ce, kul. In ya zo, sun yi gaskiya. Bar shi shi gama."

"Ko a ƙarshe ba ta hwaɗi sunana ba?"

"Ta dai tambaya ko ƙasar da wancan yake ana samun daddawa."

Gwaggonku Hajo ta rasu, Malam Bello ya rasu, duk mutanen zauren nan sun tafi, saura ni kaɗai. Ni da Inna mun biya abin da muka biya don kashe maganar nan, ita da ƙishi, ni da rashin ganin fuskarta, amma maganar ba ta mutu ba, har ta biyo ni birni ta shiga bakin 'ya'yana. Nasiru zai ji kewa a can, gabansa zai faɗi, ƙila ma ya ji ana kiransa a hanya. In ya faɗa muku haka, ku kira shi a waya ku gaishe shi da Hausa, ku aika masa daddawa, kada ku nemi wanda za ku ɗora wa laifi. Ni Ummaru, ga furfura har gira, ban taɓa jin sunana a bakin uwata ba. Duk wanda ya ce randa ta ji, ya zo ya faɗa a gabana tun ina da rai.